KUJERAR WUBALEM

Shafi na 31

Masu cika min waya tun safe cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wuta aka ɗauke mana a Kotebe. Ke kuma Hiwot da kika ce za ki zo har gida ki ƙwace wayar, ga shi nan, samu wuri ki zauna.

Ga inda muka tsaya: an sa sunan Mai Shari'a Wubalem Tafesse cikin waɗanda za a ɗaga zuwa sashen ɗaukaka ƙara na Kotun Ƙoli ta Tarayya. Ranar da kwamitin tantancewa ya zauna jin bakin jama'a, wani mutum mai suna Kinfe ya miƙe ya ce Wubalem yayarsa ce ciki ɗaya, kuma ta taɓa zama a kan shari'ar uwarsu Askale Bogale, ta fitar da ita daga gida don ramuwa. Nan take aka ɗage zama.

*

Wubalem ba ta biya ofis ba. Tana shiga mota ta ce wa mijinta Demissew ya juya zuwa Ferensay, gidan da ta tashi.

"Wube, ki bari ki huce tukuna."

"Tuƙa, Demis."

"Tsohuwar nan hawan jini gare ta fa."

"Ni ma yau na kamu. Tuƙa."

A falo suka tarar da Emama Tiruwork, wadda Wubalem ta tashi tana kira Emaye, wato uwa, tana kan 'yar kujerarta tana suyar gahawa, hayaƙin turare ya cika ɗakin.

"A'a, alƙalai da rana tsaka? Ko har an ba ki kujerar ne?"

Wubalem ba ta gaishe ta ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo.

"Emaye, wace ce Askale Bogale?"

Kaskon ya karkace a hannun tsohuwar, 'ya'yan gahawa suka watse a ƙasa. Demissew ya durƙusa yana tsincewa, don dai ya samu abin yi da hannunsa.

"Zauna," in ji Tiruwork.

"Ki ba ni amsa."

"Nan ba kotu ba ce, gidan da na wanke miki kashi ne. Na ce zauna."

Zama ta yi.

Tiruwork ta ajiye kaskon.

"Ba ni na haife ki ba."

Demissew ya daina tsincewa.

"Na yi shekaru a ɗakin Tafesse ko ɓari ban taɓa yi ba. Babu cocin da ban kai kyandir ba, na hau dutsen Entoto neman ruwan albarka har gwiwata ta lalace. Askale daga karkarar Menz aka kawo mana ita, aiki take yi mana. A ɗakin bayan nan ta haife ki, lokacin mulkin soja, ko zanin goyo ba ta da shi. Ita ta miƙo min ke da hannunta. Muka yi alƙawari a gaban hoton Maryam, ita ba za ta sake taka gidan nan ba, ni kuma ba zan faɗa ba."

"Har abada?"

"Har abada muka ce."

"Ko da na girma? Ko da na haihu, na san zafin abin?"

"Sau nawa na buɗe baki! Ranar aurenki ma sai da na ja ki ɗaki. Ina kallonki sai na ce miki ki gyara ɗankunne. Tsoro nake ji, Wube. Kar wata rana ki ce min Emaye, in ji bakinki ya yi nauyi."

Wubalem ta rufe fuska da tafin hannu. Weizero Askale, wato Malama Askale, take gani kamar yau. A Babbar Kotun Tarayya ta Lideta ne, shari'ar wani gida a Shiro Meda. 'Yar tsohuwa mai farin mayafi, kullum a bencin gaba, ba ta cewa uffan, sai kallo.

"Emaye, kin san abin da na ce mata?"

"Me kika ce?"

"Tsawa na yi mata a gaban mutane. Na ce, 'Weizero Askale, ki daina kallona, ki kalli lauyanki.' Daga baya na karɓe gidan na ba 'ya'yan yayan mijinta."

Tiruwork ta yi alamar gicciye a ƙirji.

"Wayyo Maryam! Na rantse ban san da wannan shari'a ba sai yanzu."

"Janye sunana zan yi."

Demissew ya miƙe da sauri har ya zubar da abin da ya tsince.

"Ki janye me?"

"Doka ta hana alƙali zama a kan shari'ar jininsa."

"Jinin da ya sani! Ni malamin makaranta ne, amma wannan kam na san shi, a gidana kike haddace dokar."

"Wa zai yarda ban sani ba? Emaye ta faɗa, a ce uwa ce ke kare 'yarta. Kai ka faɗa, a ce miji ne. Mutum ɗaya ce za a yarda da bakinta, ita kuwa ni na sa aka fitar mata da kaya."

"To mu nemo ta."

"A'a. In na taka ƙofarta kafin zama, za a ce roƙo na je."

Tiruwork ta share hawaye da gefen mayafi, ta nuna ta da ɗan yatsa.

"Ke saurara. Ni na raka ki tasha da katifa a ɗaure, ranar da aka tura ki Ankober kina raba faɗan awaki da iyakar gona. Ni na riƙe miki jaririya kina zaman kotu nono yana jiƙa miki riga. Masu kuɗi sun aiko da rago ƙofar nan, kin sa an mayar, ina kallon nama yana tafiya da ƙafarsa. Shekara ashirin da ɗoriya! Laifin nan nawa ne da Askale. Ki je ki tsaya a gabansu ki faɗi abin da kika sani. In sun hana ki kujerar, su hana da bakinsu."

Wubalem ta miƙe. Sai dai da za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo.

"Ki sha maganinki, Emaye."

Tsohuwar ta fashe da kuka, don kalmar ta fito yadda ta saba fitowa.

*

Ranar da kwamitin ya dawo, zauren ya fi na farko cika. Lauyoyin da ko shari'arsu ba sa zuwa da wuri, yau tun safe sun kama kujeru.

Shugaban kwamitin, Ato Negussie, wato Malam Negussie, tsohon alƙali ne da ya daɗe da ritaya, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ya gyara tabarau.

"Mai Shari'a Wubalem, kin ji abin da aka faɗa. Muna sauraro."

Ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ne Weizero Askale ce ta haife ni. Gaskiya ne kuma ni na yanke hukunci a kanta. Amma ban san ita ce ba sai bayan Ato Kinfe ya yi magana a nan."

Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. Kinfe ya yi tsaki daga inda yake, dogo ne mai furfura a gemu, hannunsa duk tabon walda.

"Ƙarya take! Wa zai kalli uwarsa ido da ido bai gane ta ba?"

"Ato Kinfe, ba a ba ka baki ba."

"Kina da mai shaida?" Ato Negussie ya tambaye ta.

"Wadda ta rene ni ce kawai. Na san nauyin shaidarta a doka, ni ma da zan auna ta da hattara."

Tana rufe baki aka ji hayaniya a ƙofa. Mai gadi yana cewa wuri ya cika, wata siririyar murya tana cewa, "Ɗana, matsa min, tun daga Kolfe na sha matsi a bas, ba kai za ka tsayar da ni ba."

Farin mayafi. Sanda. Ta ƙara tsufa, ta ranƙwafa, amma idon nan yana nan yadda yake.

Wubalem ta dafa tebur.

Kinfe ya zabura.

"Emaye! Me ya fito da ke?"

"Ƙafata. Zauna, ka yi naka surutun ran nan."

"Baiwar Allah, wace ce ke?" in ji Ato Negussie.

"Askale Bogale. Ni ce gidan, ni ce uwar, duk a kaina ake magana ba wanda ya kira ni."

Aka kawo mata kujera, ta ƙi zama. Aka rantsar da ita a kan Littafi Mai Tsarki.

"Weizero Askale, Mai Shari'a ta san ke ce mahaifiyarta lokacin da take sauraron ƙararki?"

"Ba ta sani ba."

"Ɗaga murya, kunnena ba ya ji."

"Na ce BA TA SANI BA! A ina za ta sani? Tun tana tsumma rabona da ita."

"Ke fa, kin sani?"

"Tun ranar farko. Magatakarda ya kira sunanta da na Ato Tafesse, ta shigo da baƙar riga, na ga tafiyar uwata sak. Saura kaɗan in faɗi."

"To me ya hana ki faɗa?"

Askale ta jingina da sandarta.

"In faɗa a yi yaya? Ko dai ta tashi daga kujera da kunya a gaban jama'a, ko ta ba ni gidan da ba nawa ba. Gidan na yayan mijina ne, aro aka ba mu muka daɗe. Duk Shiro Meda an sani. Wannan ma da ke zaune ya sani."

Kinfe ya sunkuyar da kai.

"In kin san ba naki ba ne, me ya sa kika ɗaukaka ƙara?"

"Kinfe ne ya matsa, shi ya nemo lauya. Ni da niyyar janyewa na je. Sai na ga wadda ke kan kujera." Ta juya ta kalli Wubalem. "Daga ranar ban sake fashi ba. Ko lauya ya ce yau ba sai na zo ba, sai na zo. Ranka ya daɗe, a ina kuma zan samu in zauna in kalli 'yata tun safe har rana ta take, ba mai kora ta?"

Wata lauya a baya ta ja majina.

"Har tsawa ta yi min, wai in daina kallonta." Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Na koma gida ina jin daɗi. Na ce yau ta kira sunana."

Hawayen da Wubalem take riƙewa suka zubo, ba ta ko share ba.

"Ana cewa ramuwa ce," in ji Ato Negussie a hankali.

"Mai ramuwa ce za ta hana a fitar da ni cikin damina? Masu gidan sun so a watso min kaya a makon. Ita ta ce a'a, tsohuwa ce, a bari ruwa ya ɗauke, ta ci bikin gicciye na Meskel a ɗakinta. Ba ta san ni ba ta yi min wannan."

Sai ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma. Bara da ciwo ya kwantar da ni na ɗauka tafiya ce, na ce kar in bar ka kai kaɗai a duniya, na gaya maka kana da yaya. 'Yar'uwa na ba ka, Kinfe, ba sandar duka ba."

Ato Negussie ya dube shi.

"Ato Kinfe, kana da abin da zai nuna ta sani?"

Ya miƙe da ƙyar.

"Ba ni da shi, ranka ya daɗe. Ɗakin da muke haya yoyo yake yi, da roba nake tare wa uwata ruwa. Sai in buɗe talabijin in ga wannan ana yabonta. Abin ne ya ci ni."

Kwamitin ya shiga ciki. Ba su daɗe ba suka fito. Ato Negussie ya ce ba su ga laifi ba, alƙali ba ya janyewa saboda dangantakar da bai sani ba, kuma sun sake duba hukuncin, daidai yake. Sunan Wubalem Tafesse zai wuce Majalisa.

Demissew ya manta inda yake, ya buga tafi shi kaɗai.

"Wane ne wannan?"

"Mijinta ne, ranka ya daɗe."

"To a ƙyale shi."

Wubalem ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji. Ta waiga, farin mayafin har ya kai ƙofa. Da gudu ta bi ta, ita da ko a makare take ba a taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba.

A kan matakala ta cim mata. Ta zube za ta sumbaci gwiwarta, tsohuwar ta tallafo haɓarta.

"Tashi, tashi! Alƙaliya a ƙasa, mutane na kallo."

"Ki yafe min."

"Me kika yi? Aikinki kika yi."

Wubalem ta buɗe baki, ta rufe. Askale ta gane.

"Kin rasa me za ki kira ni ko? Ce min Askale. Uwa kina da ita, ta kuma iya."

Ta shafa mata kumatu da busasshen hannunta.

"Kin ci abinci kuwa? Kin rame."

Dariya da kuka suka haɗe wa Wubalem lokaci guda.

*

Majalisa ta zauna a Arat Kilo, aka karanto sunaye, hannuwa suka tashi. Wubalem ta ɗaga nata hannun ta yi rantsuwar kama aiki, muryarta tar. A Ferensay maƙwabta sun taru a gaban talabijin, guɗar Tiruwork har bakin titi.

Ranar walima an kafa rumfa a tsakar gida, an shimfiɗa ɗanyar ciyawa, ƙamshin miyar kaza da man shanu ya cika unguwa. Wubalem ta bar baƙi ta tafi Kolfe da kanta.

"Ba zan je ba, na yi alƙawari," in ji Askale.

"Wadda kika yi wa alƙawarin ce ta aiko ni. Ta ce in ban zo da ke ba, kar in dawo."

Kinfe ma ya biyo su, amma da suka iso ya toge a bakin ƙofa. Demissew ya fito ya kama hannunsa.

"Suruki, shigo mana. Na aure ta ban biya ƙanin amarya komai ba, ga dama ta samu."

"Ni da na so in tozarta ta?"

"Ai ni kullum sai na yi ƙara a kanta a gida, ban taɓa yin nasara ba. Shigo mu jajanta wa juna."

Kinfe ya yi murmushin dole, ya shiga.

Tiruwork na tsaye a bakin rumfa. Tsofaffin biyu suka tsaya kallon juna.

"Etiye Tiruwork," in ji Askale, yadda take kiran uwar ɗakinta tun da, ta fara ranƙwafawa.

"Kar ki soma, in kin durƙusa wa zai ɗaga mu?"

Ta jawo ta, suka sumbaci juna a kumatu, suna kuka suna sakewa. Mata suka ɗau guɗa.

Tire ɗaya suka ci su uku. Tiruwork ta naɗo wainar injera da tsokar kaza, loma ƙatuwa, ta kai bakin Askale.

"Etiye, ba ni da haƙora fa."

"Buɗe. Kin ba ni 'ya, ba za ki ƙi lomata ba."

Wubalem ta jingina da kujera tana kallonsu. Rabonta da ta ci abinci ta ji ɗanɗanonsa tun ranar da aka fitar da sunaye. Yau har ƙari ta nema.

Da la'asar baƙi suka ragu, Tiruwork ta ce su shiga falo a sha gahawa. Ta yi gaba ta zauna a 'yar kujerarta, ta ɗauki butar. Wubalem ta riƙo hannun Askale suka shigo.

Sai Askale ta ja ta tsaya.

Hoton marigayi Ato Tafesse take kallo, babba, a jikin bango. Ta kalli hoton, ta kalli fuskar Wubalem. Goshi ɗaya, tsagar haɓa ɗaya.

Ta juya ga Tiruwork.

"Etiye," ta ce a hankali, "rabi kika gaya mata ke nan?"

Tiruwork ta tsaya da zubawa, gahawa na tsiyaya a gefen kofi.

Wubalem ta kalli wannan, ta kalli waccan. Sai yanzu ta tuna akwai tambaya guda da ba ta yi wa kowa ba.

"Emaye, wane ne ubana?"

Tiruwork ta ajiye butar.

"Demissew," ta ce, "rufe mana ƙofar nan."